Motarka ta riga ta faɗi irin man da take so

Idan wani ya tambaye ni wane mai zai riƙa zuba wa motar gidansa, ba na ba shi amsa daga zaune. Cewa nake ya tashi mu je wajen motar. Akwai wurare huɗu a jikinta da masu ƙera ta suka bar saƙo: bayan ƙyauren tankin mai, kan murfin baƙin mai, jikin ginshiƙin ƙofar direba, da gefen taya. Na biyar shi ne littafin motar, wanda yawanci yana nan kwance a aljihun gaba, ko ledarsa ba a cire ba. Wanda ya karanta waɗannan ya huta da rabin shawarwarin bakin gareji, waɗanda ake bayarwa da zuciya ɗaya, amma a kan motar da ba irin taka ba.

Buɗe ƙyauren tankin ka duba bayansa. Za ka ga lamba, misali RON 91 ko RON 95, wani lokaci da E5 ko E10 a gefe. Lambar farko ta oktan ce, kuma a kanta aka fi zubar da kuɗi a banza. Mutane sun ɗauka fetur mai lamba 98 ya fi mai 91 ƙarfi, ko ya fi shi tsabta. Ba haka ba ne. Abin da lambar ke aunawa shi ne haƙurin fetur idan an matse shi, wato yadda zai daure kada ya kama da wuta da kansa kafin lokaci ya yi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Fistin yana matse fetur da iska har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wutar ta bazu ta cinye cakuɗen, ta tura fistin ƙasa. Idan fetur ɗin ba shi da haƙuri, ragowar cakuɗen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewar ce kake ji idan ka taka totur a kan hawa, mota cike da iyali da kaya: wata 'yar ƙara daga gaba, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Sau ɗaya ko biyu ba komai. Idan ta zama ta kullum, tana cin kan fistin da ringi a hankali. Motocin zamani suna da na'ura a jikin inji da ke sauraron wannan ƙara, da zarar ta ji sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin fulogi. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, kuma kai ba za ka san dalili ba.

To ƙa'idar mai sauƙi ce. Kada ka sauka ƙasa da lambar da aka rubuta. Haura ta kuma ba laifi ba ne, sai dai injin da aka ƙera don 91 ba shi da abin da zai yi da 98, ƙona shi zai yi kamar yadda yake ƙona ɗan'uwansa. Wasu littattafan suna bambanta tsakanin man da ya zama dole da wanda aka fi so kawai. Idan dole ne, kamar a yawancin motoci masu tabo (na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska) da masu matsi mai yawa, babu ciniki. Idan an fi so ne kawai, kana iya zuba na ƙasa a zirga-zirgar cikin gari, ka koma na sama ranar doguwar tafiya da lodi.

Akwai wani ruɗani da ke kama masu motar da aka ƙera don kasuwar Amurka ko Kanada. Can ba da ma'aunin RON suke rubuta lamba a famfo ba, nasu ma'aunin yana fitowa ƙasa da maki huɗu zuwa biyar. Idan littafinka ya ce 87, yana nufin kusan RON 91. Idan ya ce 91, RON 95 ko sama yake nema. Na sha ganin mai irin wannan motar yana zuba RON 91 hankalinsa kwance, a zatonsa ya cika sharaɗi, alhali yana ƙasa da shi.

Harafin E kuwa yana nuna yawan itanol, wani nau'in barasa, da aka gauraya a cikin fetur. E10 kashi goma cikin ɗari ke nan. Itanol bai kai fetur kuzari ba, yana ƙasa da kusan kashi ɗaya bisa uku, don haka tankin E10 zai kai ka ƙasa da nisan tsantsar fetur da wajen kashi uku cikin ɗari. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Damuwar tana kan tsofaffin motoci, musamman masu kafireto, domin itanol yana cin wasu tsofaffin robobi, yana kuma jan danshi idan mota ta daɗe a ajiye. E85 kuma wani abu ne daban, kada ka kusance shi sai an rubuta ƙarara cewa motarka tana shan sa.

Masu motar dizal nasu lissafin daban ne. Babu ruwansu da oktan, tunda injinsu ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matsi ne ke kunna man. Abin dubawa shi ne sulfa. A Turai iyakar da aka yarda da ita kashi 10 ce cikin miliyan, a Amurka 15, kuma injunan dizal na zamani don irin wannan man aka yi su. Suna da matatar kunkunniyar hayaƙi a cikin salansa, wadda dizal mai sulfa da yawa ke kashewa. Matatar nan kuma tana buƙatar zafi don ta ƙone kunkunniyar da ta tara, zafin da ba ya samuwa a tafiyar minti biyar zuwa makarantar yara. Idan duk zirga-zirgarka gajera ce, ka riƙa fita babbar hanya lokaci-lokaci ka yi tafiyar minti ashirin ba tsayawa. Gaskiya ma, wanda bai sayi mota ba tukuna kuma ya san tafiye-tafiyensa na cikin gari ne, ni fetur zan ce masa. Wasu motocin dizal ɗin suna da ƙaramin murfi shuɗi kusa da na mai, na ruwan AdBlue, mai rage gubar hayaƙi. Tankinsa daban ne, ba a zuba shi cikin dizal, kuma idan ya ƙare ƙaf motar ba za ta sake tashi ba bayan ka kashe ta.

Kuskuren da ya fi tsada a gidan mai shi ne fetur a tankin dizal. Ya fi akasinsa faruwa, saboda bakin famfon fetur siriri ne, yana shiga tankin dizal salin-alin, shi kuwa na dizal ya yi wa yawancin tankunan fetur kauri. Dizal yana da maiƙo, kuma wannan maiƙon ne ke shafe famfon mai da injekta, waɗanda a motocin zamani ke aiki da matsin da kan kai ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Fetur wanke maiƙon yake yi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ɓurɓushi ya bazu ko'ina. Idan hakan ta faru kuma an gane tun a wajen, kada ka murɗa makulli ko da don kunna rediyo, domin a motoci da yawa famfon tanki yana fara aiki tun kafin inji ya tashi. A tura ta gefe, a kira janwe, a zuƙe tankin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sauran ɗabi'un gidan mai ba su da yawa. Da famfo ya tsaya da kansa, a tsaya. Ɗura ƙari har baki yana tura ɗanyen fetur cikin gwangwanin gawayin da aka yi don tururi kawai. A murɗa murfi har ya yi ƙara, don murfi sako-sako kaɗai yana iya kunna wutar inji a dashbod. Kada allurar mai ta zama kullum tana kwance a ja, famfon da ke cikin tanki da man yake samun sanyi. Ni da ta sauka kwata nake neman gidan mai. Kuma na fi son gidan man da ake yawan shiga, inda mai ba ya daɗewa a rijiya. Magungunan kwalba da ake cewa suna rage shan mai kuwa, ban taɓa ganin wanda ya mayar da kuɗinsa ba.

Yanzu a ɗaga bonet.

A kan murfin baƙin mai, ko a littafi, akwai rubutu irin 5W-30 ko 0W-20. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu idan inji yana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya yi zafi. Akwai tsohuwar magana cewa mai kauri ya fi kare inji, kuma ta yi daidai da injunan da. Na yanzu hanyoyin mansu ƙanana ne ƙwarai, wasu sassan ma da matsin man suke motsi. Ka zuba 20W-50 a injin da ya nemi 0W-20, da safe man zai makara kafin ya hau sama, kuma a waɗannan daƙiƙoƙin farko ne inji ya fi cin kansa. Idan bakanike ya ce a canza kauri, ka tambaye shi dalili. Idan dalilin shi ne haka ake yi, a bar shi yadda aka rubuta.

Duba mai kuwa kowa a gidan ya kamata ya iya, uwargida da manyan yara duka. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe, a ba ta minti biyar zuwa goma man ya koma ƙasa. Zaro sandar awo, mai kan zobe rawaya ko ruwan lemo a yawancin motoci, ka goge ta tas da tsumma, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Riƙe ta a kwance ka duba inda jiƙar ta tsaya. Akwai alamu biyu a ƙarshenta, ɗigo biyu ko 'yan ramuka, kuma tsakaninsu kusan lita ɗaya ce a yawancin motoci. Idan ta kusa ta ƙasa, ƙara rabin lita, jira kaɗan, sake aunawa. Kada a wuce ta sama, man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta shafe komai. Shafa ɗan man a tsakanin yatsu biyu. Baƙi ba laifi ba ne, na dizal ma yana baƙi tun a makon farko. Abin tsoro shi ne ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ji warin fetur sosai, ko ka ga man ya koma fari-fari mai kauri, alamar ruwa ya samu hanya ya shiga, galibi ta gaskit ɗin kan inji.

Yaushe za a yi juye? Littafi zai ba ka kilomita da watanni, wanda ya riga zuwa shi ake bi. Tazarar tana kamawa daga kilomita 5,000 zuwa 15,000, gwargwadon inji da irin man. Amma ka duba da kyau, yawancin littattafai jadawali biyu gare su, na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala. Kowa yana ɗauka shi na farko ne. Sai ka karanta abin da suka kira wahala: gajerun tafiye-tafiye, tsayuwa cikin cunkoso inji na aiki, ƙura, zafi mai tsanani, lodi. Wato dai rayuwar motar gida sak. Duk juye kuma a canza filta tare da shi, a kuma ciro filtar iska a ɗaga ta sama. Idan haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki.

Ruwan lagireto ana duba shi ne a farar robar da ke gefe, inji yana sanyi, ya tsaya tsakanin layuka biyu. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto mota da zafi. Ruwan ciki yana ƙarƙashin matsi, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana sassauta murfin zai tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska da hannu. Ruwan famfo zalla zai fitar da kai daga matsala a hanya, amma zama da shi tsatsa ne da toshewa. A yi amfani da ruwan sanyaya inji irin wanda littafi ya ce, kuma kada a gauraya iri biyu don kawai kalarsu ta zo ɗaya. Sai maganar tamostat, 'yar na'urar da ke hana ruwa zagayawa lagireto sai inji ya yi zafi. Wasu kanikawa da mota ta fara zafi sai su cire shi su jefar. Zafin kan lafa na ɗan lokaci, amma ainihin ciwon, ko fanka ce, ko lagireto da ya toshe, ko famfon ruwa, yana nan. An kuma ƙara wani: inji ba zai riƙa kai zafin aikinsa na wajen digiri 90 da wuri ba, kwamfuta ta ci gaba da ɗura masa mai a zaton har yanzu da sanyi. Idan allurar zafi ta haura a hanya, a sauka gefe, a kashe, a jira aƙalla rabin awa kafin a taɓa komai.

Taya ita ce abin da na fi tsananta wa a motar da ke ɗaukar yara. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙi akwai 'yar takarda manne da ke faɗin iskar gaba da ta baya, galibi tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI. Sau da yawa layi biyu ne, ɗaya na mutum biyu ko uku, ɗaya na mota cike da kaya a but, kuma na biyun yana neman ƙarin iska a baya. Lambar da ke gefen taya kusa da MAX iyakar abin da tayar za ta ɗauka ce, ba abin da za a sa ba, ko da mai faci ya nuna maka ita da yatsa. Sayi ƙaramin geji naka, ka auna da safe kafin a fita, sau ɗaya a wata, domin lafiyayyar taya ma tana rage iska a hankali. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana ƙara shan mai, tana yin zafi, kuma zafin ne ke fasa ta a kan gudu.

Sannan ka tsuguna ka nemi haruffan DOT a gefenta. Bi layin har ƙarshe, akwai lambobi huɗu, sau da yawa cikin ɗan zagaye. Idan ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, don haka taya mai zane raɗau tana iya zama tsohuwa. Daga shekara biyar zuwa shida a riƙa sa mata ido sosai, ana neman tsattsagewa a gefe. Ta kai goma a cire ta ko yaya take da kyau. Cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da aka sa a tsayin milimita 1.6, idan zanen ya yi daidai da su tayar ta ƙare. Yadda ta cinye ma labari ne: tsakiya kaɗai, iska ta yi yawa; gefe biyu, ta yi kaɗan; gefe ɗaya, sai a je alaimen. Idan biyu kawai za ka iya saya, sababbin a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja, saboda santsin baya ya fi wuyar kamawa da sitiyari. Safaya ma a tuna da ita. Siririyar nan ta wucin gadi iska 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.

Birki ba ya son dogon bayani. Ƙara mai tsini idan ka taka, takalman sun kusa ƙarewa. Gurzar ƙarfe, sun riga sun ƙare, faranti ake ci. Feda ta yi laushi ko tana nutsewa, motar ba ta fita sai bakanike ya gani. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa yawancin kamfanoni ke cewa a canza shi duk shekara biyu zuwa uku, da irin wanda aka rubuta a murfinsa, DOT 3 ko DOT 4. Batir kuma shekara uku zuwa biyar yake yi, zafi na rage masa kwana. Cikakke yana nuna bolt 12.6 idan mota a kashe, wajen 14 idan inji na aiki. Farin garin da ke taruwa a kawunansa a goge shi, kuma idan za a kwance, a fara da wayar da ke da alamar ragi.

Akwai abu guda da ba ya ƙara, ba ya kunna wuta, ba ya ba da wata sanarwa: bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin. Wasu injuna sarƙa gare su, wasu bel na roba da ke ɓoye bayan murfi. Idan naka bel ne, littafi zai faɗi lokacin canji, yawanci tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko bayan wasu shekaru. A injuna da yawa idan ya tsinke fistin da bawul ne ke karo, gyaran ya koma na buɗe inji. Wanda ya sayi mota ta hannu kuma babu takardar da ta nuna an canza, ya ɗauka ba a canza ba. Wannan ne ma ya sa nake ajiye ƙaramin littafi a aljihun mota, ina rubuta kwanan wata, kilomita, da abin da aka yi. Ranar sayar da motar ma yana ƙara mata daraja.

Fitilun dashbod kalarsu ce ke faɗin gaggawarsu. Rawaya tana nufin a duba cikin kwanakin nan. Ja tana nufin yanzu. Jar butar mai ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take matsin mai ya faɗi, kuma inji yana iya bugawa cikin 'yan mintuna, don haka a sauka gefe a kashe. Jar alamar batir tana nufin caji ya tsaya, ka kashe na'urar sanyaya da rediyo ka nufi gareji mafi kusa, idonka kan allurar zafi, domin a motoci da yawa bel ɗin da ke juya caji shi ke juya famfon ruwa. Wutar inji idan ta kama ta zauna ba ƙiftawa, a sa na'urar karanta kwamfuta a ga lambar matsalar kafin a sayi ko da fulogi ɗaya. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin da ake jona na'urar a ƙasan sitiyari, sauran ƙasashe ma sun bi baya. Idan kuwa wutar injin tana ƙiftawa, wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana dafa matatar hayaƙi. Ɗaga ƙafa daga totur, ka lallaɓa zuwa wurin da za ka iya tsayawa, ka kira bakanike daga nan.